Ƙannena, cunkoson bas ba ya ɓoye kowa

Salam 'yan uwa matasa, musamman ku ƙannena masu hawa bas zuwa makaranta ko wajen koyon sana'a. Akwai wani tunani da nake ji a bakin yara, wai ai bas a cike take waye zai gane ka, ka zare waya a aljihun wani ko ka fizge jakar wata baiwar Allah daidai lokacin da za a rufe ƙofa, ka dira ka shige lungu shikenan magana ta wuce. Wallahi ba ta wuce ba.

Motocin bas da yawa yanzu akwai kyamara a ciki, ba ɗaya ba ma, wata na kallon ƙofa wata na kallon kujerun baya, kuma tana ajiye lokaci har da sakan. To ka ja hula ka sa takunkumi, takalminka fa? Bajon makaranta da ke jikin yunifom ɗinka fa? Inda ake biya da kati kuwa, katin ya riga ya tona tashar da ka hau da ƙarfe nawa. Ga direba da kwandasta, kullum safiya suna ganinka sun san inda kake sauka. Ita kanta wayar tana da wata lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, cire sim ba ya goge ta, kuma ranar da wanda ka sayar wa ya shiga hannu kai zai fara nunawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da za a ce wa "kai dai tsaya ka tare ƙofa", bai taɓa aljihun kowa ba amma ga shi nan a bidiyo ya tokare hanya yana waige-waige, shi da ɗan sanen tare za a kwashe su. Kar kuma ka ce ai ban kai shekara 18 ba. Eh, ƙasashe da yawa suna da kotun yara daban har ana sakaya sunan yaro, amma sakaya suna ba sallama ba ce, mahaifiyarka ce za ta wuni a bencin caji ofis tana sharar hawaye.

Ku kuma da abin ke faruwa a gabanku, don Allah a daina ɗora fuskar yaro a Facebook ana rubuta "ga ɓarawon nan". Hoto dishi-dishi daga mota tana tafiya, kama da wane ba ta wane, sai a ja wa ɗan mutane duka bai ji ba bai gani ba. Ka riƙe lambar bas ɗin da lokaci da tashar da ya sauka da kalar kayansa, ka kai wa 'yan sanda da wuri, domin na'urar kan ɗora sabon bidiyo a kan tsoho in an daɗe. Sannan tun yau ka danna *#06# a wayarka, ka rubuta lambar IMEI ɗin da ta fito a takarda ka ajiye a gida.