Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana

Ranar Lahadin da ta wuce na ga abin da har yanzu ya tsaya mini a rai. Gyaran layin intanet ne ya kai ni wani ƙaramin kamfani a nan Jidda, irin masu yi wa 'yan harkar Umra manhajar kama ɗakunan otal da jera motoci. Ina durƙushe a lungu gaban akwatin wayoyi, su kuma suna taronsu na farkon mako. Sai shugaban sashen, yaron da na san gidansu a Makka, na san mahaifinsa Allah ya jiƙansa, ya haska aikin wata sabuwar ma'aikaciya a bango da majigi, ya ce kowa ya zo ya sha kallo.

Laifinta kwanan wata ne. Ƙasar nan da kalandar Ummul Ƙura take aiki, ita kuwa ta ɗauki lissafin Hijira na gama-gari da ta samu cikin kayan aikin, wanda wani lokaci yakan saɓa da kwana ɗaya. Kuskure ne, ban ce ba kuskure ba ne, don kwana ɗaya ya isa ya sa ayarin mahajjata su kwana a bakin otal. Amma a wajen gwaji aka kama shi, bai kai ga kowa ba. Gyaran minti goma ne. Shi kuwa ya fi minti ashirin a kanta, har da kwaikwayon Larabcinta na Sudan, yana jan "ya zola" ana dariya. Da ta ga abin ya yi yawa sai ta sunkuyar da kai ta ce masa da Hausa, a hankali, "Yaya, ai tun makon jiya na tambaye ka wace kalanda ake bi." Ya amsa mata da Larabci cewa nan ofis ne, ba a yin wannan yaren.

Wallahi sai da na ajiye abin da ke hannuna.

Da zan fita na same ta a bakin matakala, kofin shayi a hannu yana rawa. Na yi mata sallama da Hausa, ta ɗago da sauri kamar wadda ta ji muryar gida. 'Yar mutanen garin Mai Wurno na Sudan ce, jikokin waɗanda suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ta yi karatunta a Jami'ar Jazira da ke Wad Madani, kuma da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya iso garin a watan Disamba, sai suka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, ta Gadarif zuwa Bur Sudan, daga baya 'yan uwa suka yi mata hanyar zuwa nan. Na ce, "Ki yi haƙuri, 'yata." Ta ce, "Ba komai, Baba. Ni dai ba zan ƙara tambaya ba."

Wannan magana tata ita ta sa na zauna rubutun nan, kuma da ku nake, samarinmu da Allah ya ɗaga a harkar kwamfuta. Ina alfahari da ku, Allah ya sani. Mu da muka tashi ana kiranmu Takari, iyayenmu suna tura keken tsofaffi a Harami, iyayenmu mata suna sayar da gyaɗa da tsabar tattabaru, yau ga 'ya'yanmu ana ce musu muhandis, wato injiniya. Amma me ya sa da zarar ɗayanku ya hau kujera sai ya janye tsani? Me ya sa ƙaramin da ya zo da tambaya sai an fara wanke shi tas a gaban jama'a kafin a ba shi amsa, in ma an ba shi?

Ba wannan yaron kaɗai ba ne. Na ga wanda ƙaninsa a aiki ya tambaye shi yadda ake shiga sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da aikinsu, ya ce masa, "Je ka tambayi Google." Na ga wanda ke ɗaukar hoton kuskuren yaro ya jefa a zauren WhatsApp na ofis da ƙarfe sha ɗayan dare, har da 'yan fuskokin dariya, alhali teburinsu na kallon juna. Na ga wanda shi kaɗai ya san lambobin sirrin rumbun bayanai, bai rubuta a ko'ina ba, bai koya wa kowa ba, don kada a iya aiki ba da shi ba. Mudir, wato manaja, ya ce a koyar da sababbi, kamfani ya ware lokaci, shi ya ƙi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kuma idan ka bincika, shi kansa wani ne ya zaunar da shi ya koya masa, don ba a haifi kowa da madannin kwamfuta a hannu ba.

Ku da kuke aikin kun fi ni sanin illar wannan. Manhaja ba mutum ɗaya ke gina ta ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dalilin da ya sa ake bitar rubutun juna kafin a saki aiki shi ne a kama ɓaraka tun tana ƙarama. To yaron da aka kunyata sau ɗaya, gobe idan ya ga ɓaraka ɓoyewa zai yi. Idan bai gane umarni ba, zai gyaɗa kai ya je ya yi ta lalube. Kuskuren da za a gyara a ɗakin gwaji sai ya fita ya sami masu kuɗinsu, a tsakiyar Ramadan, lokacin da otal-otal ɗin Makka suka cika maƙil. Ranar nan wa za a kira? Kai ɗin nan dai da ka toshe masa baki. Hausawa suka ce matambayi ba ya ɓata, amma ku kun mayar da tambaya abin kunya. Shi kuwa mai riƙe lambobin sirri, ran da ya kwanta asibiti ko aka yi masa rasuwa, ko zaman makoki ba za a bar shi ya yi ba, waya za ta yi ta ƙara.

Abin da ya fi ƙona mini rai ma shi ne gudun yaren. Sunanka ya ƙare da Hausawi, fuskarka ta nuna, a gida tuwo kake ci, amma a ofis sai ka nuna ba ka taɓa jin "sannu" ba. Usama Hausawi da wannan suna ya riƙe kambun kyaftin na 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018, bai rage shi da komai ba. Ban ce a mayar da taro Hausa ba, akwai Bamisire, akwai ɗan Indiya, akwai ɗan Yaman, kowa yana da haƙƙin ya fahimci abin da ake faɗa. Amma wadda ta tsere wa yaƙi ta kira ka Yaya, ka ture ta don ka burge wasu? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk wanda ya ga yadda kake taka naka, ya samu lasisin taka ku duka. Ga kuma wannan mugun rabe-raben da muka ƙirƙiro wa kanmu: mai jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, yana kallon mai iƙama, wato izinin zama, sama-sama, mai iƙamar da aka haifa a nan yana raina wanda ya zo jiya daga Kano ko Maraɗi ko Kassala.

Kada in manta da masu yanke shawarar aiki a istiraha, wato gidan shaƙatawa, da daddare, wajen shisha da kallon ƙwallo. Tun da aka bai wa mata izinin tuƙi a 2018 'yan uwanmu mata suka cika ofisoshi, amma sai su zo da safe su tarar an gama raba aiki a wurin da ba za su iya zuwa ba. Haka mai iyali da ke komawa gida bayan an tashi aiki. Kuɗin da kuke ƙonawa a wuraren shan gahawa na titin Tahliya, da sauya waya duk shekara, bari in bar shi sai wani jiƙon.

Kuna ganin kamar yaran nan ba su da wurin zuwa. Da can ne. Tun Maris ɗin 2021 aka sassauta dokar kafili, wadda ke ɗaure baƙon ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, ma'aikaci na iya sauya wurin aiki ta manhajar ma'aikatar ƙwadago mai suna Qiwa idan ya cika sharuɗɗa. Ƙasar ta sa harkar fasaha a gaba tun da aka ƙaddamar da shirinta na sauya tattalin arziƙi na 2030 a 2016, an kafa SDAIA, hukumar kula da bayanai da ƙirƙirarriyar basira, a 2019, taron baje kolin fasaha na LEAP da aka fara a Riyad a 2022 kullum ƙaruwa yake. Mai ƙwazon da ka wulaƙanta yau zai tafi, kuma wata rana takardarka ta neman aiki na iya faɗawa kan teburinsa. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Ko ba don wannan ba, ina muka kai faɗin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ba ya cikinmu wanda ba ya jin ƙan ƙaraminmu? Ina muka kai gargaɗin da aka yi wa wanda aka tambaya ilimi ya ɓoye?

Gyaran ba wani abu mai wuya ba ne. Ka ja yaro gefe, ka nuna masa, ka rubuta abin da ka sani inda kowa zai gani. Babba juji ne.

Ni a hannun wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin na koyi riƙe ƙarfen dalma, a wani ɗan shago a Makka da bai fi mutum biyu su juya ba. Ran da na ƙona rediyon wani alhaji, jikina na ɓari, bai ce mini uffan a gaban mai kaya ba. Ya ba shi haƙuri, ya biya daga aljihunsa. Sai bayan la'asar ya ɗauko wata matacciyar rediyo ya ce, "Zo nan, ɗana, nuna mini inda ka ɗora hannu." A 2016, da aka mayar da sayar da waya da gyaranta sai 'yan ƙasa, na bar titin Falasɗinu, kasuwar waya ta Jidda, ba ni da abin yi, wani ɗan Pakistan ne ya koya mini jan wayar intanet, wata uku ina riƙe masa tsani, bai karɓi ko riyal ɗaya ba. Haka muka san sana'a. Tela yana da yaransa, mai tsire yana da nasa, kuma darajar maigida ita ce a ce wane da wane a hannunsa suka fito. Mutanen nan ba su da takardar shaida ko ɗaya a bango, amma in baƙo ya sauka daga jirgin ruwa bai san kowa ba, ba ya kwana da yunwa, kuma kafin wata ya zagayo an sama masa abin yi. Yau muna da digiri, muna da ofis mai sanyi, amma 'yar uwarmu na shan shayi ita kaɗai a bakin matakala.

Na kira shugaban sashen nan sau biyu bai ɗauka ba. Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga Makka in sami kawunsa a Hindawiyya, don shi ya biya masa kuɗin kwas ɗinsa na farko, wataƙila shi ya ji maganarsa.