Jami'a ta faɗi yadda take lissafin maki tun kafin a zauna BAC

Da zarar sakamakon BAC, jarrabawar kammala lise (shekaru ukun ƙarshe na sakandare), ya fito, lamba ɗaya iyaye a Damagaram ke tambaya: nawa ya samu? Goma cikin ashirin, yaro ya haye. Sha biyu zuwa sama, ya fito da yabo, a yi guɗa.

Sai dai wannan lamba ba tara maki aka yi aka raba daidai ba. Kowane darasi da nauyinsa, abin da 'yan lakwal ke kira kofisiyan. A seri D, wato ɓangaren kimiyya, lissafi da fizik da ilimin halittu su ne masu nauyi. A seri A kuwa, ɓangaren adabi, falsafa da Faransanci ke jan ragama. Shi ya sa yara biyu 'yan aji ɗaya za su iya fitowa da 11 kowannensu, alhali ɗaya ƙarfinsa na cikin kimiyya, ɗayan kuma tarihi da Turanci ne suka tallafe shi ya tsallake. Idan duka biyu suka nemi likitanci, inda gurbi bai kai yawan masu nema ba, ni ban ga laifin jami'a ba in ta buɗe takardar maki ta duba darussan da suka shafi fannin.

Wasu na cewa a haɗa da makin aji na shekaru uku na lise. Nan ne na ja baya. Hannun malamai ba ɗaya ba ne, kuma makarantar kuɗi mai neman suna ba za ta yi rowar maki ba. Ɗan Gure ko Tanut da ya sha gumi sai ya tashi a baya. BAC, duk da aibinta, tambaya ɗaya ce ga kowa, mai gyara kuma bai san takardar wa ke gabansa ba.

Tun 2010 da aka buɗe jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, ba sai an je Yamai ba, kuma ga ta Damagaram, Jami'ar André Salifou, a ƙofar gida. Abin da ya rage shi ne kowane fanni ya fito da lissafinsa fili: wane darasi ake dubawa, da wane nauyi, shekarun yaro na shiga ko ba sa shiga, wanda ya ci BAC a zagaye na biyu, wato damar da ake ƙara ba wanda makinsa ya kusa kai goma, yaya ake yi da shi. A manna a allon kowace lise tun dawowa daga babban hutu, a kuma karanta a rediyo da Hausa, saboda uban da ke biyan kuɗin littattafai ba lalle ya iya Faransanci ba.