Hunturun Kano daban, na Winnipeg daban

Matar yayana ta turo min hoton akwatunan ɗanmu ta WhatsApp, tana tambaya ko kayan sun isa. Yaron zai fara karatu a Jami'ar Manitoba cikin watan Satumba, a nan Winnipeg ta ƙasar Kanada inda nake zaune. Na ƙirga suwaita shida, jaket biyu na gwanjo, hular sanyi huɗu, da wani ƙaton bargo irin na ɗakin amarya. Na ce, "Hajiya, sannu da ƙoƙari, amma a sauke rabi." Ta ce, "Haba Baffansu, ba kai kake ce mana garin kamar cikin firji ba?"

Ni ne na ce. Har ma ya fi firji. Matsalar ita ce sanyin da ta sani shi take wa shiri. Muku-mukun Kano, wanda ke sa mu kwana da gawayi a kasko mu ƙi wankan asuba, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10. A Winnipeg kuwa, cikin Janairu, digiri 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne, idan iska ta haɗu da shi jiki yakan ji kamar 40. A irin wannan rana fatar da aka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin minti goma. Shekarata ta farko na tsaya jiran bas da jaket ɗin da na taho da shi daga gida, wanda nake taƙama da shi. Kunnuwana sun yi mako suna saɓa.

Ra'ayina ke nan: kayan sanyin gaske a can ake sayensu, wato inda sanyin yake. Yaron da ya sauka a ƙarshen Agusta zai tarar da gari lafiya lau, riga da wando sun ishe shi. Dusar ƙanƙara ba ta cika zama ba sai wajen Nuwamba, yana da wata biyu na tambayar na gaba da shi da zaga shaguna. Har gwanjon ma akwai shi a nan, Value Village cike take da ɗalibai. Abin da ake bukata bai da yawa, amma sai mai kyau: babbar rigar sanyi guda mai hula wadda ta sauko har cinya, takalmi mai ɗumi da ba ya shan ruwa kuma ba ya santsi, safar hannu mai kauri, da 'yan ciki masu kama jiki na ulu ko na roba. Ban da na auduga. Auduga tana riƙe gumi, gumin ya huce a jikinka, sai ka fi wanda bai sa komai ba shan wahala.

Akwai kuma abin da iyaye ba sa hasashe. A gida sanyin waje shi ne na ɗaki. A nan cikin aji da bas da ɗakin kwana duk da na'urar ɗumama, wajen digiri 21, wasu gine-ginen jami'ar ma ta ƙarƙashin ƙasa ake bi daga wannan zuwa wancan. Wanda ya jibga suwaita uku zai shiga lacca yana zufa kamar a Maiduguri. Dabarar ita ce a sa kaya hawa-hawa, yadda za a cire a mayar.

Na san daga ina cika akwatin ya samo asali. Haka aka yi mana lokacin makarantar kwana: akwatin ƙarfe, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, sukari. Uwa da nauyin kaya take auna kulawarta, ba na kuma raina wannan. Sai dai jirgi akwati biyu yakan bari, kowanne kilo 23, to me zai sa a ɓata su kan abin da za a jefar?

A cika su da abin da kuɗi ba ya saya a nan. Kaftani biyu ko uku na shadda da hula mai kyau, don Juma'a da Sallah, domin ranar Idi a baƙon gari babu abin da ke sa yaro kewa kamar ya gan shi cikin wandon jins. Huffi, saboda wanke ƙafa a sanyin nan jarrabawa ce. Man kaɗanya mai yawa, don iskar ɗaki a bushe take kamar ta hunturu. Yaji, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, a bayyana su duka a filin jirgi. Kilishi kam a cinye shi a Kano, ba a shiga da shi, wanda ya ɓoye abinci kuma tara na iya kai shi dalar Kanada 1,300.

Jiya Hajiya ta sake turo hoto. Suwaita sun koma biyu, jaket ɗaya ya fita, ta ce kuɗin rigar sanyin za ta turo ta hannuna. Bargon dai yana nan. Ta ce da shi ya saba kwana tun yana aji ɗaya na sakandare, kuma ba shawarata take nema a kansa ba.