Ba ƙarar fashewa ce ke damuna ba

Malam, ka ce ƙarar fashewa ce ke ɓata shirye-shiryen talabijin na sararin samaniya, tunda babu iskar da za ta ɗauki sauti a can. Haka ne, amma wannan na yafe musu. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a nuna mutumin da ke duniyar Mars yana hira da na Duniya kamar maƙwabta ta kan katanga, alhali saƙon rediyo kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Shirin The Expanse ya kiyaye wannan, a tura saƙo a zauna jira. Jirgin sararin samaniya na cikin shirin ma ba shi da birki, sai ya juya ya hura wutar injinsa ta inda ya dosa kafin gudunsa ya ragu.