Kakar Jami'ar Houston ta 1982/83: Ba Koci Ne Ya Zubar da Kofin Ba

Duk lokacin da masu bin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka suka tayar da zancen ƙungiyar da ta fi kowace ƙarfi amma ta tashi ba kofi, sunan Jami'ar Houston ta kakar 1982/83 ne ke fara fitowa, kuma kusan kowa yakan ɗora wa kocinta, Guy Lewis, alhakin abin da ya faru. Ni ban yarda da wannan hukunci ba, ko da yake na san ina cikin 'yan tsiraru.

Ƙungiyar ta buga wasa 34, ta ci 31, an doke ta sau uku kacal. Biyu daga cikin rashin nasarar sun faru ne a watan Disamba na 1982, a hannun Syracuse da Virginia, daga nan kuma ta jera wasa 26 ba wanda ya taɓa ta. Ana yi mata laƙabi da Phi Slama Jama saboda yadda 'yan wasanta ke tashi sama su dankara ƙwallo cikin kwando. Clyde Drexler yana cikinsu, haka ma wani dogon matashi ɗan Legas, Hakeem Olajuwon, wanda a lokacin ake rubuta sunansa Akeem. Shi wannan yaro golan ƙwallon ƙafa ne kuma ɗan ƙwallon hannu tun farko, kuma tarihinsa ya nuna cewa a wata gasar makarantun horon malamai a Sakkwato aka fara saka shi a ƙungiyar ƙwallon kwando. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin jami'o'in Amurka, Houston ta lallasa Louisville da maki 94 da 81, har mutane suka ɗauka kofi ya riga ya sami mai shi.

Ranar 4 ga Afrilu, 1983, a birnin Albuquerque, ta haɗu a wasan ƙarshe da Jami'ar North Carolina State, ƙungiyar da aka doke sau goma a kakar, ƙarƙashin koci Jim Valvano. An tafi hutun rabin lokaci North Carolina State tana gaba da 33 da 25, Drexler kuma ya riga ya tara laifi huɗu, alhali na biyar ne ke fitar da ɗan wasa. Da aka dawo, Houston ta zuba maki 17 abokan karawarta na da biyu, ta wuce gaba da 42 da 35. A nan ne Lewis ya umarci yaransa su sassauta gudu, su riƙa jan ƙwallo suna cin lokaci, kuma wannan umarni ne aka shafe shekara fiye da arba'in ana zarginsa a kai.

Masu zargin sukan manta da inda aka buga wasan. Albuquerque tana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,500, iskarta ba ta ƙosar da huhun wanda bai saba ba, har ta kai Olajuwon yana zama a benci ana sa masa iskar oksijin. Kocin da babban ɗan wasansa ke haki, na biyunsa kuma saura laifi ɗaya a kore shi, ba shi da dalilin ci gaba da tsere. Bugu da ƙari, a wancan zamani ba agogon da ke tilasta wa ƙungiya yin jifa cikin ƙayyadadden lokaci a wannan gasa, sai a kakar 1985/86 aka kawo shi, don haka riƙe ƙwallo idan kana gaba dabara ce da manyan masu horarwa duka suke yi. Da ta yi aiki, da hikima za a kira ta.

Abin da ya hana ta aiki shi ne jifan kyauta, wato jifan da ake bai wa ɗan wasa shi kaɗai a gaban kwando idan an yi masa keta. Houston ta sha fama da wannan rauni tun farkon kaka, sai dai yawan makin da take samu ta sama ya rufe shi. Valvano ya gano haka, ya sa yaransa su riƙa yin keta da gangan domin a tura 'yan Houston layin jifa, su kuwa suka ci 10 kawai cikin 19 a wasan da aka kammala da tazarar maki biyu. Ana 52 da 52, saura kimanin minti ɗaya, Alvin Franklin na Houston ya ɓarar da nasa. North Carolina State ta riƙe ƙwallo har daƙiƙun ƙarshe, Dereck Whittenburg ya yi jifa daga nesa wadda ko kwandon ba ta kai ba, abokin wasansa Lorenzo Charles ya cafe ta a sama ya cusa. Aka tashi 54 da 52.

Idan akwai laifin da zan amince a ɗora wa Lewis, shi ne bai magance raunin jifan kyauta ba tun a watannin atisaye, kuma wannan laifi ne da ya raba da kowane ɗan wasan da ya tsaya a layin hannunsa ya yi rawa. Amma hukuncin da ya yanke a waɗancan mintuna, da gajiyayyun yara da dokar da ta ba shi dama, hukunci ne mai hankali. Gasar sili ɗaya ƙwale ce ke sa dare guda ya haɗiye aikin wata biyar, shi ya sa ake tuna umarni ɗaya a manta da wasa 26.

Olajuwon ya ci maki 20 a daren, ya cafe ƙwallo 18 da suka dawo daga kwando, aka ba shi kyautar gwarzon gasar duk da an doke su, kuma tun daga lokacin ba a sake bai wa ɗan ƙungiyar da ta rasa kofi wannan kyauta ba. A 1984 Lewis ya sake kai Houston wasan ƙarshe ba tare da Drexler ba, Georgetown ta doke su 84 da 75. Kocin da ya kai ƙungiya wasan ƙarshe shekara biyu a jere, amma sai a 2013 aka shigar da shi zauren gwarazan ƙwallon kwando yana da shekara 91, a ganina an yi masa hukunci mai tsanani fiye da kima.