Kafin Ka Tsine Wa Wanda Ya Ba Da Labarin Gidansu

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yanzu a Kano ya zama ruwan dare mutum ya rubuta tarihin rayuwarsa ya saka a Facebook, ya zagaya a WhatsApp, wani ma har a buga shi littafi. Inda hankalin jama'a ya fi tsayawa kuwa shi ne inda aka zo kan iyaye: yarinyar da aka ɗora wa talla har makaranta ta gagare ta, yaron da ya tashi agola a gidan da ba a son ganinsa, wanda aka saki uwarsa aka bar shi a hannun kishiya, uban yana gani bai taɓa tankawa ba. Nasihata ta yau gare mu ce, mu masu karantawa, domin abin da bakinmu ke furtawa bayan mun gama shi ma ana rubuta mana shi.

Wasu ko ƙarshen labarin ba sa kaiwa sai su hau tsinuwa. Ɗebabben albarka, mai tona wa iyaye asiri, ba zai gama lafiya ba. Sai a janyo aya ta 23 cikin Suratul Isra'i, inda Allah ya hana a ce wa iyaye ko da "tir". Ayar gaskiya ce, babu mai ja da ita, kuma a hadisin Abu Bakrata Manzon Allah (SAW) ya jera saɓa wa iyaye bayan shirka cikin mafi girman zunubai. To amma addinin bai tsaya nan ba. Lokacin da mahaifin Nu'umanu bn Bashir ya keɓe shi da kyauta ban da sauran 'ya'yansa, ya zo neman shaidar Annabi (SAW), ƙin shaidawa ya yi, ya ce ku ji tsoron Allah ku yi adalci tsakanin 'ya'yanku. Khansa'u bint Khidam ta kai ƙarar mahaifinta cewa ya aurar da ita ba da sonta ba. Annabi (SAW) bai kore ta ba, bai kira ta mara kunya ba, saurarenta ya yi ya warware auren. Duka biyun suna cikin Bukhari. Aƙra'u bn Habis kuma da ya ce 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa.

Kenan uba yana iya zalunci, uwa ma tana iya yi. Faɗin haka ba fita daga addini ba ne. Allah da kansa ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Kai da ka tashi gaban iyaye masu tausayi, gode wa Allah ka kama bakinka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni dai a ganina, da yawa cikin masu saurin tsinuwar nan ba kishin aya ke cin su ba. Labarin ne ya yi kama da abin da suke yi a gidajensu, na fifita ɗakin amarya a kan na uwargida, shi ya sa suke so a rufe bakin mai magana.

Akwai kuma waɗanda tausayi ke kwasa su wuce iyaka. Su ne masu zagin dattijon da ba su taɓa gani ba, masu yi masa Allah ya isa, masu ce wa yarinya ta yanke alaƙa da uwarta ta huta. Ɗan uwa, ɓangare ɗaya ka ji. Da Annabi (SAW) zai tura Sayyadina Aliyu alƙalanci Yemen, ya gargaɗe shi kada ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin na biyu. Tsohon nan yana can Kurna ko Ɗorayi, wataƙila ko wayar shiga intanet ba shi da ita, amma 'yan unguwa sun gane shi daga siffar da aka yi, an riga an gama da mutuncinsa a majalisar mai shayi. Hindu bint Utba ta gaya wa Annabi (SAW) cewa mijinta Abu Sufyan marowaci ne, kuma daga nan malamai suka fahimci halaccin ambaton aibin mutum wajen neman fatawa ko neman haƙƙi. Sai dai wannan rangwame na wanda abin ya shafa ne, a gaban mai iya gyarawa. Kai ɗan kallo babu kasonka a ciki, abin da ka yi sunansa giba.

Duba Annabi Ibrahim (AS) a Suratu Maryam. Sau huɗu yana cewa "ya babana", aka amsa masa da barazanar jifa da kora. Ya ce aminci ya tabbata gare ka, sannan ya nisanta. Nisantar cutarwa ya halatta, zagi ne da yanke alheri ba su halatta ba. Suratu Luƙman, aya ta 15, ta ce ko iyaye sun matsa maka ka yi shirka kada ka bi su, amma ka zauna da su a duniya da kyautatawa.

In ka san wanda ya yi rubutun, kira shi a keɓe, ka saurare shi tukuna kafin ka fara wa'azi. Ka tambaye shi ko akwai baffa, kawu ko goggo da ake jin maganarsu a gidan. In babu, akwai limamin unguwa, akwai mai unguwa, akwai ofishin Hisbah a Sharaɗa da ke zaman sulhu tsakanin iyalai. In kuwa ba ka san shi ba, yi masa addu'a shi da iyayen nasa, kada kuma ka tura labarin gaba, musamman wanda aka ambaci sunan unguwa ko sana'ar uban a ciki.