Kafin a ƙara mana wata doka da sunan addini, a faɗa mana kan wa za ta hau

Duk sanda maganar nan ta taso, wai shin umarnin addini ya kamata ya zama dokar ƙasa ko a bar kowa da Ubangijinsa, sai kaga mutane sun dare gida biyu tun ba a gama tambayar ba. Waɗannan su ce addini daban mulki daban, waɗancan su ce ai wanda ma ya yi tambayar imaninsa da sauran gyara. To mu dai a Zamfara abun ya wuce musun Facebook, mun yi shi a aikace, sama da shekara 25 kenan muna ciki, don haka in ana wannan magana mu ne ya kamata a fara saurara.

Ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamnan lokacin, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'a a Gusau, ta fara aiki 27 ga Janairu 2000, daga nan sauran jihohi suka biyo baya har suka kai 12, ciki har da maƙwabtanmu Kebbi da Sakkwato da Katsina. Garin ya cika ya batse a ranar, kabbara ta ko'ina. Kuma wallahi jama'ar nan ba don su ga an yanke hannu suka zo ba. Mutane ne da suka fito daga dogon mulkin soja a gajiye, sun gaji da kotun da ake ɗage ƙara shekara da shekaru, sun gaji da ofishin 'yan sandan da aka rubuta beli kyauta ne a bango amma sai ka sayar da akuya kafin ɗanka ya fito. Da talaka ya ji an ce shari'a, abun da ya zo ransa shi ne yau ni da mai kuɗi za mu durƙusa a tabarma ɗaya gaban alƙali.

Ni ban yarda da masu cewa addini ya tsaya a ƙofar masallaci ba. Babu dokar da ta faɗo daga sama ba ta da tushe, hana kisa da sata da shaidar zur duk umarnin Allah ne tun kafin wata majalisa ta zauna a kansu, kuma ko Final Kod, wato kundin hukunta laifuka da Arewa ta fara aiki da shi a 1960, ai sai da gwamnatin Sardauna ta gayyato masana, har da babban jojin Sudan Abu Rannat, don a duba yadda ba za ta yi karo da imanin mutane ba. Al'ummar da akasarinta musulmi ne tana da haƙƙin ta ga addininta a dokokinta. Wannan ban da ja a kai.

Inda nake da magana shi ne abun da ke faruwa bayan an sa hannu a takarda. Umarnin Allah tsarkakakke ne, amma ranar da majalisar dokoki ta mai da shi doka, ya koma hannun ɗan sandan da zai yi kamu, da rajistaran da zai buɗe fayil, da alƙalin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, da gwamnan da ke lissafin zaɓe mai zuwa. Ruwan rijiyar garau yake, gugan ne ya kamata mu duba. Wanda ya ce gugan da datti bai zagi ruwa ba, kuma dan Allah a daina kafirta mutane a kan haka.

Mu duba kan wa ta hau. Hannun farko da aka yanke a watan Maris 2000 na wani mutumin Jangebe ne, a kan saniya. Na biyu a 2001, a kan kekuna. A Janairun 2001 an yi wa wata yarinya bulala 100 a Tsafe saboda ciki, mazan da ta ambata suka musa suka yi tafiyarsu gida. Daga wancan lokaci zuwa yau, wane babba ne aka gurfanar a kotun shari'a a kan kuɗin asibiti ko na taki ko na gyaran makaranta har aka hukunta shi a bainar jama'a? Kuma ba haka kawai abun ya zo ba, haka tsarin yake. Sashe na 308 na kundin tsarin mulki ya hana a gurfanar da gwamna da mataimakinsa muddin suna kan kujera, in sun sauka kuma EFCC ce ke ɗaukar maganar zuwa babbar kotun tarayya, can manyan lauyoyi za su yi ta jan ta har a manta. Sai ya zama a jiha ɗaya muna da doka biyu, mai kaifi ta ɓarawon saniya, mai laushi ta ɓarawon biro. Na san malaman fiƙihu za su ce cin amana hukuncinsa daban da na sata, na yarda, to ai akwai ta'aziri, wato horon da alƙali ke yankewa inda ba haddi, ina aka yi shi?

Wannan fa shi ne ainihin abun da Annabi (SAW) ya yi gargaɗi a kai. Lokacin da wata mata 'yar babban gida daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usama ɗan Zaidu ya nema mata alfarma, Manzon Allah ya yi fushi, ya ce abun da ya halaka waɗanda suka gabace ku shi ne in babba ya yi sata sai su ƙyale shi, in mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi, ya kuma rantse da cewa ko Fatima ce ta yi da ya yanke hannunta. Kowane ɗan islamiyya ya san hadisin nan, amma mun fi riƙe ƙarshensa mun bar tsakiyarsa. Sannan ga Sayyadina Umar, a shekarar yunwa ya dakatar da yanke hannu. Akwai kuma ƙissar da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa, kuma mu nan Malikawa ne, bayin Haɗibu suka sace raƙumar wani mutumin Muzaina suka yanka, da Umar ya gane yunwa ubangidansu ke bar su da ita sai ya juya kansa, ya ci shi tarar ninkin kuɗin raƙumar, dirhami 800 a maimakon 400. Kafin ya tambayi wa ya yi sata, sai da ya tambayi wa ya bar su da yunwa.

Yanzu a kawo wannan ma'aunin Zamfara ta yau. Garin Jangeben nan dai, ranar 26 ga Fabrairu 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata suka kwashe ɗalibai 279. 'Yar Galadima a 2014 an kashe mutane sama da 100 a rana ɗaya. A ƙauyuka da yawa na Maru da Anka da Zurmi da Shinkafi manomi ba ya shiga gonar ubansa sai ya biya haraji, in amfani ya nuna kuma ya sake biya kafin ya girbe. Na ga yadda ake haɗa irin kuɗin nan, mai gari zaune a zaure da littafin makaranta ana bin gida-gida, wannan ya kawo kuɗin tunkiya, waccan ta kwance bakin zani ta kawo kuɗin ƙuli-ƙuli, a ɗaure a leda a ba matasa biyu da babur su kai daji, kowa ya yi jugum har su dawo. Wani dattijo a wajen ya ce min, "Ɗana, mu wanga abu ya ishe mu, shari'ar da anka ce an kawo muna, ta tsaya Gusau." Fashi da makami ai yana cikin kundin shari'ar da aka rubuta mana, da hukuncinsa mai tsanani, amma 'yan sanda da soja duk na Abuja ne, gwamna da kansa yana kukan ba ya iya ba su umarni. Gwamnatin da ba ta iya tsare ran mutum da gonarsa ba, da wane ido za ta kalle shi ta ce zan hukunta ka a kan buhun gero?

Haka a 2010 gubar dalma ta wajen haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankin Anka da Bukkuyum, sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo daga waje ta tsaya a kai. A 2017 da sanƙarau ya ɓarke, gwamna Abdul'aziz Yari ya ce zunubin mutane ne, musamman zina, ya jawo. Ba wanda ke musun cewa saɓo yana jawo musiba, amma rashin allurar rigakafi a asibiti shi ma saɓo ne, kuma ba talaka ne ya aikata shi ba. Abun da ke min ciwo kenan, kullum in an ɗauko addini sai a nuna ƙasa da shi.

Akwai kuma wani ɓangare da nake ganin hukuma ba ta da hurumi a ciki sosai, wato abun da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa. Azumi dai Allah ya ce nasa ne, shi ke sakawa a kansa, ɗan sanda ba zai iya sanin wanda ya kurɓi ruwa a ɗaka ba. Sallar da aka yi don tsoron kamu ba ta wuce rufin masallaci. In ka matsa sai doka ta shiga nan, abun da za ka girba shi ne mutane masu fuska biyu, kuma mu mun san illar munafunci ta fi ta saɓon fili. Alƙur'ani a Suratul Hujurati ya hana bin diddigin asirin mutane, shaidu huɗu da aka gindaya a kan zina ma don a rufa asiri ne, Ma'izu da ya kawo kansa Annabi kawar da kai ya dinga yi. Nana A'isha ta ce da hana giya aka fara saukarwa da mutane sun ce ba za su bari ba har abada, sai da zukata suka ginu tukuna. To ina muka samo tare matashi a hanya a buɗe wayarsa, ko a kama shi a kan aski? Ba ina rage wa Hisba daraja bane, na san auren da suka ɗinke da yaran da suka mayar hannun iyayensu, aiki ne babba kuma da yawansu don Allah suke yi. Amma ƙarfin da ake kashewa a kan gashin yaro ɗan talaka, ba a taɓa ganinsa a ƙofar gidan bikin manya ba, kuma matasa suna gani, suna kuma ajiyewa a ransu.

Ga kuma waɗanda ba musulmi ba, kamar wasu mutanen ƙasar Zuru a Kebbi da na Sabon Garin Gusau, 'yan ƙasa ne ba baƙi ba. Sashe na 10 na kundin tsarin mulki ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa, mu kuma tun kafin kundin muna da "babu tilas a cikin addini" a Suratul Baƙara. Jinin da aka zubar a Kaduna a Fabrairun 2000 a kan wannan magana ya isa ya sa kowa taka-tsantsan.

Inda nake son in ga doka ta yi haƙora shi ne haƙƙin bayin Allah. Ka je kotun shari'a ta kowace ƙaramar hukuma da safe ka dubi bencin waje. Za ka ga mace da goyo, an sake ta da 'ya'ya uku, alƙali ya yanka wa uban kuɗin ciyarwa ya ƙi biya, ta biya kuɗin sammaci, ta biya na babur, an ce ta dawo mako mai zuwa, kuɗin zirga-zirgar ya fi abun da take nema, ƙarshe ta haƙura ta ce Allah ya isa. Ga marayun da baffansu ya haɗiye gonarsu, ga mudun da aka bubbuge gindinsa a kasuwa, ga mai ɓoye hatsi sai damina ta yi tsakiya, ga tsohon malamin firamare da ya mutu yana bin garatuti. Duk waɗannan akwai aya ko hadisi a kansu ƙarara, ba sa bukatar leƙen asirin kowa, kuma kirista da musulmi ba wanda zai ce bai yarda ba. Hukumar zakka da waƙafi da aka kafa tunani ne mai kyau ƙwarai, to a riƙa liƙa lissafinta a fili kowace shekara, nawa aka tara, wane attajiri ya bayar, wace gunduma aka kai.

Magabatanmu ma a nan suka sa ƙarfi. Shehu Usmanu, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Zamfarar nan, a littafinsa Kitabul Farƙi abun da ya fi tuhumar sarakunan Haɓe da shi shi ne harajin zalunci da ƙwace da karɓar gaisuwa kafin a yi hukunci. Ƙaninsa Abdullahin Gwandu kuwa da ya ga wasu 'yan jihadi sun koma neman mulki da dukiya sai ya bar su ya nufi gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, littafin da ya fi magana da masu mulki a kan abun da ke wuyansu.

Shi ya sa roƙona yake wajen malamanmu, don su ne ake ji. Azumi in ya zo gwamna da kwamishinoni da 'yan majalisa suna zama a sahun gaba wajen tafsiri, ana ɗauka a rediyo da talabijin. A wannan zaman nake son a karanto hadisin matar Banu Makhzum tun daga farkonsa, a tambaye su a gaban jama'a ko sun yarda a cire rigar kariyar sashe na 308, ko sun yarda kowane mai riƙe da kuɗin jiha ya bayyana dukiyarsa ranar shiga da ranar fita yadda Umar ya riƙa yi wa gwamnoninsa, sannan a sa ranar da za a dawo a ji amsa.